Abin da Za Ki Faɗa wa Likitan Yamai

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga uwar Nana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Isuhu, da Nana da ƙannenta. Allah ya sa takardar nan ta same ki da sauƙi, kumburin ƙafa ya saɓe, numfashi ya daidaita. Allah ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare motar da za ki shiga, ya tsare direbanta daga gyangyaɗi da gaggawa, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali in ana daka a gidanku ina jin tabarya daga tsakar gidana. Na san bakina ne. In kika zo sallama kika zauna gabana, tabarma zan kalla, in tambaye ki yara da awaki, ki tashi ki tafi ban ce komai ba. Ke ce ɗiyata ta fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, ke ma Yaya kike ce mini tun kina ƙarama. To, abin da kunya ta hana baki, bari hannu ya gwada.

Na fahimci maganar yadda Malam Isuhu ya warware mini ita. Likitan Maradi ya tura ki wurin masu aikin rage tumbi, su duba su gani ko jikinki zai ɗauki aikin. Ya ce ba kowa suke karɓa ba. Sai tansiyo, wato hawan jini, ta kwanta, sukari ya sauka, nauyi ya ɗan ragu, kuma su gamsu za ki iya riƙe ɗan ƙaramin ci bayan an yi. Tun ranar da kika dawo da wannan maganar ba ki da sukuni. Tsoronki ɗaya, kar ki je su ce ba ki cancanta ba.

Na san ba don madubi kike neman aikin nan ba. Ranar idi ina sahun bayanki. Da mata suka tafi sujada gaba ɗaya, kamar gero in iska ta bi ta kansa, ke kaɗai kika rage bisa kujerar roba a ƙarshen sahu, kin sunkuyar da kai iyakar inda wuya ya yarda. Na ga kin share ido da bakin mayafi. Na kuma ji cewa a lakol yanzu daga zaune kike koyar da yara, don gwiwa ba ta barinki ki tsaya gaban allo.

Kwanakin baya, bayan azahar, barci ya ɗan ɗauke ni a inuwar zaure. Sai na gan ki a Gulbin Kaba, cikin goruba, yashi fari tas kamar an wanke shi. Ke ce da girmanki na yanzu, amma tafiyarki ta yarinya ce, ƙafarki ba ta nutsewa. Kin shimfiɗa ɗankwali kin ta da salla. Da kika ɗago daga sujada akwai yashi a goshinki, kina dariya, kin ƙi sharewa. Ban san fassararsa ba, ban kuma kai wa kowa ya fassara mini ba. Na dai farka zuciyata a sanyaye, na ce Allah ya sa alheri ne.

Amma na ga abin da kike yi a farke, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Azuminki na Litinin da Alhamis ya koma na kullum. Na ga kwalbar nan mai baƙin ruwa da kika tura bayan randa ranar da na shigo, irin wadda mai magani yake sayarwa ranar kasuwa, yana rantsuwa tana narkar da kitse. Kuma na ji kina ce wa mijinki in an je can ba sai an tono tsofaffin zance ba, a amsa abin da aka tambaya kawai. Ɗiyata, tsofaffin zancen nan da hannuna a cikinsu, shi ya sa nake da bakin magana.

Kina tuna ranar da kika faɗo daga amalanken jaki? Ba na jin za ki tuna. Lokacin kina hannun Inna, mahaifiyata, a ƙauyenmu na bayan Agiye, tun da aka yaye ki. Na je ganin gida, muka ci kasuwar Agiye tare, muna kan hanyar komawa jakin ya zabura kika zame ƙasa. Gwiwarki ta fashe. Kika tashi kika nufo ni da gudu, hannu biyu a buɗe. Mata cike da amalanke suna kallo. Sai na juya fuska na ce, “Ku ɗauke ta mana.” Inna ta ɗauke ki. Ni kuwa na kwance ƙullin ƙosan da na saya wa kaina, na tura wa Inna ta bayan zane.

Inna ta sa miki ɗaya a baki tana cewa, “Ci, ƙawata, ci. Uwarki ba ta da baki, sai hannu.”

Matan suka yi dariya, suka yaba kunyata. Ke kuwa kina tauna, hawaye na gangarowa cikin man ƙosan, idonki a kaina.

Haka muka ci gaba, ni da ke. Da kika dawo hannuna, ƙannenki ina goya su, ina yi musu wasa, ina zaginsu da sunansu. Ke kuwa sai dai ki tarar da curin fura mafi girma a ƙwaryarki, ko tsokar da na ɓoye ƙarƙashin tuwo. In kin yi kuka, abinci. In kin ci jarrabawa, abinci. In babanki ya yi miki faɗa, ki tarar da dakuwa ƙarƙashin matashinki. Ban ce kunya mugun abu ce ba, da ita aka rene ni, kuma ina ganin kyanta har gobe. Kuskurena shi ne ban nemi wata ƙofa ba sai wannan ɗaya. Na koya miki cewa in zuciya ta yi nauyi baki ake cikawa.

Saboda haka in tsoro ya kama ki a Yamai, kina zaune a bencin jira, ki faɗe shi da baki. Kar ki danne shi da ci, kar kuma ki danne shi da yunwa, duk abu ɗaya ne. Ki faɗa wa mijinki. Ki kira ni a waya ki ce, “Yaya, ina jin tsoro.” Wataƙila in yi shiru, wataƙila in tambaye ki ko an yi ruwa a can. Ki yi haƙuri da ni, kar ki kashe. Ina koyo ne.

Sai maganar jegon Nana. Wannan kina tunawa sarai. Kin zo wankan gida siririya, wuyanki kamar na barewa, ƙashin kafaɗa a waje. Maƙwabciyata Tsahara ta leƙo barka ta ja ni gefe.

Ta ce, “Hajara, haka za ki mayar musu da ita? Su ce gidanku yunwa ake yi?”

Na ce, “Tana ci, jikinta ne haka.”

Ta ce, “Jiki ai gyara shi ake yi. Bari kasuwa ta ci.”

Ranar kasuwa ta kawo mini ƙwayoyin nan ƙanana na sa ƙiba da ake shigowa da su daga ƙetaren iyaka, waɗanda ake bazawa a faranti cikin rana. Ba a ɓoye na ba ki ba. A gabanki nake murƙushe su cikin kunun kanwa, muna dariya. Safe kunu, hantsi ƙafar sa da yaji, rana fura da nonon da matan rugga suke kawo mini da ɗuminsa, maraice tuwo da man shanu har yana kwanciya a gefen kwano.

Kina cewa, “Yaya, wallahi na ƙoshi.”

Ina cewa, “Mai jego ba ta ƙoshi. Shanye.”

Ranar da aka yi arba’in za a mayar da ke, fuskarki ta cika ta yi sheƙi, awarwaron da kika zo da shi ya ƙi fita. Dangin mijinki suka rangaɗa guɗa tun daga ƙofar gida. Wata gwaggonsa ta ce, “Kai! Ku cire ƙyaure, in ba haka ba ba za ta shiga ɗakin Isuhu ba!” Ni ina tsaye a baya ina jin daɗi kamar manomin da rumbunsa ya cika har ya kasa rufuwa. A haihuwa ta biyu muka maimaita, ta uku ma haka. Daga baya ke da kanki kike aika a sayo miki, don in kin daina sai jiki ya mutu, abinci ya fita ranki. Ban san suna taɓa sukari da tansiyo ba sai da likitan Maradi ya tambaya ko kin taɓa shan irinsu, kika ce a’a, kika dawo kina ba ni labari kina kallon ƙasa.

Wannan a’ar ce nake so ki gyara a Yamai. Ki faɗa musu kin sha, ki faɗi shekarun da kika ɗauka kina sha, da lokacin da kika bari. In kwalinsu ya rage a wani lungu, ki tafi da shi su gani. In kunya ta kama ki, ki ce uwata ce ta fara ba ni, don gaskiya ce, ni kuwa ba su san ni ba balle in ji nauyinsu. Ki faɗi kwalbar bayan randa ita ma. Mutanen nan barci za su sa ki, su buɗe cikinki. Wanda zai shiga ɗaki cikin duhu, ai gara a gaya masa inda rami yake. Ina tsoron su ce a’a, kamar yadda kike tsoro. Amma na fi tsoron su ce to bisa abin da ba haka yake ba.

Na taɓa karɓar irin wannan to ɗin, na san ɗanɗanonta. Ina da cikin ƙanenki Sani, azumi ya faɗo cikin damina. Na je awo, malamar awon ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Ta ce, “Kina ganin jiri?”

Na ce, “A’a.”

“Ciwon kai fa?”

“Babu.”

Alhali tun safe ƙasa take juya mini. Na san in na faɗa za ta ce in ajiye azumi, ni kuwa ba na so matan unguwa su ga hayaƙi a madafata da rana. Ta dube ni ta ce to, tunda lafiya lau ne, in ci gaba. Na fito ina murna kamar na ci riba.

Ba a jima ba na faɗi a bakin rijiya. Abin da nake tunawa shi ne igiya tana zamewa daga hannuna a hankali, ban ji ƙarar guga ba. Da na buɗe ido an kwantar da ni ƙarƙashin gawon nan na bakin hanya. Kin san gawo da damina, ba ganye ko ɗaya. Ina kallon gajimare yana wucewa ta tsakanin rassansa, fari, a natse, muryoyin mata suna zuwa daga nesa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na zaci an gama, na ce ashe haka abin yake, ba zafi. Sai Sani ya motsa a cikina. A nan tsoro ya zo mini, don na tuna ba ni kaɗai na faɗi ba.

Babanki, Allah ya ji ƙansa, bai ɗaga murya ba. Da aka kawo ni gida ya zauna bakin gado ya ce, “Wa kika yi wa azumin nan? Wanda ya ce ki huta, ko matan unguwa?”

Har yau ina yi wa kaina wannan tambayar. Ke ma ki tambayi kanki, ɗiyata. Ba ni da ilimin da zan yanke wa azumin wani hukunci, iyakata abin da na karanta a allo da ɗan abin da na ji daga malamai. Amma na san niyya ake dubawa. In don ma’aunin likita kike wuni da yunwa, to ki kira shi da sunansa, kar ki sa masa rigar ibada. Kuma mai shan maganin sukari ba ta wuni haka ba tare da likita ya sani ba. Jiya da kika tashi daga tabarma na ga kin dafa bango. Ki ci ɗan abin da aka tsara miki, a lokacin da aka tsara. Su ba rama ta kwana kaɗan suke nema ba. So suke su ga macen da za ta iya riƙe kanta shekara da shekaru, kuma wannan macen ina ganinta a cikinki, tun kina yarinya in kika ce za ki yi abu sai kin yi.

Yanzu sai Gwaggonki Rabi, tunda a gidanta za ku sauka. Allah ya saka mata da alheri, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero, amma ki shirya. Sau ɗaya na taɓa sauka wurinta. Ban gama cire takalmi ba aka jere mini kwanuka, shinkafa da kifin kogi, dambu da zogale, wani abu mai sanyi a kwalba. Na ci na ƙoshi na janye hannu.

Ta ce, “Ikon Allah! Cin mutanen Gazawa ke nan? Ko kanari aka aiko mini?”

Na koma na ci.

Ta ce, “Kifin fa? Ni ƙanwar mijinki na soya da hannuna, ko raini ne?”

Na koma na ci. Kwanan da na yi a Yamai ban ga kogi ba, ban ga komai ba, hanyar bayan gida kawai na haddace. Da zan tafi tana ce wa maƙwabta, “Matar yayana ba ta da lafiya, ko abinci ba ta iya ci.”

Na kasa cewa a’a don kar in ɓata mata rai, na ɓata cikina, ita ma ban faranta mata ba. Ke kar ki yi haka. Tun a daren farko, kafin a ɗora tukunya, ki zaunar da ita ki ce, “Gwaggo, likita ya ɗaure ni, ke kaɗai za ki iya tsare ni.” Ki ba ta aiki. Ki ce ita za ta raka ki asibiti, ita za ta riƙe miki jaka, ita za ta kori duk wanda ya miƙo miki abin da aka hana. Mace ce mai son a ba ta sarauta. In kika naɗa ta mai gadi, ko ƙuda ba zai kawo miki sukari ba. Mu masu ɗura wa mutane abinci, yawancinmu so ne ya yi mana yawa muka rasa inda za mu zuba shi. In aka nuna mana wani wuri, za mu zuba a can.

To, in sun duba sun ce a’a fa? Na san wannan ne ba kya son a ambata, ni ma da ƙyar hannuna ya rubuta. In sun ce a’a, ki tambaye su dalili, ki sa Malam Isuhu ya saurara da kyau, ko a’a ce ta yanzu ko ta har abada, da abin da ya rage a gyara. Kar ki fito da gudu kina kuka ki bar amsar a ɗakin. Sannan ki dawo gida kanki a ɗage. Ba jarrabawa kika faɗi ba, ba kuma laifi kika yi ba. Masu cewa an je Yamai an dawo yadda aka tafi, ki bar ni da su, shekaruna sun kai in amsa musu. Sallarki a kan kujera salla ce cikakkiya, Wanda kike yi wa ya fi ki sanin gwiwarki. Za mu riƙa fita da sassafe ni da ke, mu taka a hankali ta bakin gonaki kafin rana ta yi zafi, in kin gaji mu zauna, in kin huta mu tashi. Tukunyata ma za ta canza. Na riga na fara rage mai da kanwa, Sani yana ta ƙorafi wai miyata ta zama ta marasa lafiya.

In kuma sun ce to, alhamdu lillahi, ki aiko a gaya mini ranar. Ban saba da doguwar mota ba, amma zan zo. Zan zauna a bakin gadonki in yi abin da aka ce, ko da cokali ɗaya na ruwa ne aka yarda a ba ki, cokali ɗayan zan ba ki in ajiye.

Abu na ƙarshe, don kar ki gani gobe ki yi masa wata fassara. Ban yi miki guzuri ba. Na sayo naman dambu, na soya gyaɗar ƙuli, har na zuba gero a turmi don fura. Na ɗaga tabarya sai na tsaya. Na daɗe a tsaye a wurin, kaji suna zagaya ni. Daga baya na raba naman gida-gida, gyaɗar na ba yaran Tsahara. Ba a taɓa fita daga gidan nan zuwa ko da Maradi ba tare da ƙullin abinci daga hannuna ba, ke kuma ga ki za ki mafi nisan tafiyarki. Zan zo tasha da safe hannu wofi. Mata za su gani, za su yi magana. In kin kalli hannuna kar ki zaci fushi ne ko mantuwa. Tun da na haife ki ban taɓa yi miki abin da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. Allah ya sa gaskiya a bakinki, ya sa tausayi da basira a zuciyar waɗanda za su duba ki. In aikin nan alheri ne gare ki, Allah ya buɗe ƙofarsa ya sauƙaƙa, in ba alheri ba ne, ya musanya miki da abin da ya fi shi, ya kuma sa ki yarda. Allah ya tsare miki yaranki a bayanki, suna hannuna, kar ki sa su a rai. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce,
Yayarki Hajara,
Gazawa.